Fumfuna a Kan Tamfol Mai Shafen Mai: Tambayoyi da Amsoshi Don Masu Kwaikwayon Yaƙe-yaƙen Tarihi

A Amurka da Birtaniya akwai mutanen da idan ƙarshen mako ya zo sai su sa kayan sojojin da, su kafa tanti a fili, su kwana a ƙasa, su kwaikwayi yaƙin da aka yi tun zamanin kakannin kakanninsu. A Amurka an fi kwaikwayon Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865, kuma harkar ta bunƙasa ne tun daga 1961, lokacin da aka sake buga yaƙin Manassas don cikarsa shekara 100. A Ingila ƙungiyar Sealed Knot, wadda Birgediya Peter Young ya kafa a 1968, tana kwaikwayon yaƙin basasarsu da ya fara a 1642. Masu wannan sha'awa suna kashe kuɗi da lokaci a kan kayansu, kuma abin da ya fi lalata musu kayan ba wuta ko harsashi ba ne, danshi ne. A dawo daga fili da shimfiɗa a jiƙe, a naɗe ta a bar ta a bayan mota, kafin mako ya zagayo fumfuna ta yi mata fari fat. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan matsala.

Wane irin kaya ake nufi da tamfol mai shafen mai?

Yadin auduga ne ko na lilin mai kauri, wanda aka shafa wa man linsid, wato man da ake tatsa daga 'ya'yan tsiron da ake yin lilin da shi. Ana gauraya man da launi, galibi baƙin hayaƙin fitila ko jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe, a shafa sau biyu ko uku, a rataye har ya bushe. Man linsid ba ya tashi a iska kamar ruwa. Yana shan iskar oksijin ne ya sandare, ya zama wata siririyar fata mai lanƙwasuwa a kan yadin, ita ce ke tare ruwan sama.

Da irin wannan yadi ake yin shimfiɗar kwanciya, jakar goyo, jakar guzuri, rigar ruwa da murfin hula. A Yaƙin Basasar Amurka sojojin Arewa sun samu shimfiɗar roba da yawa, domin tun 1844 Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar sarrafa roba da farar wuta, kuma masana'antun suna yankinsu. Sojojin Kudu kuwa roba ta yi musu wuya, sai suka dogara da yadin da aka shafa wa mai. Shi ya sa mai kwaikwayon sojan Kudu ya fi shan fama da wannan matsala, ko da yake jakar guzurin sojan Arewa ita ma baƙin fenti ne a kanta.

Wannan ba tamfol ɗin leda mai launin shuɗi da ake sayarwa a kasuwa ba ne. Shi wancan ana iya dirje shi da omo babu abin da zai same shi.

Yaya zan gane ko kayana na mai ne ko na kaki?

Ka kankari wani ɓoyayyen gefe da farce. Idan wani layi mai haske ya fito, kuma ka murza da yatsa ya ɓace, to kaki ne, wato abu mai kama da kakin zuma, irin na rigunan Barbour, kamfanin da aka kafa a South Shields ta Ingila a 1894. Idan kuwa saman yana da tauri kamar fenti, yana ɗan sheƙi, kuma a wurin ninki ana ganin ƙananan tsage-tsage, to man linsid ne. Bambancin yana da amfani, domin kaki zafi ke narkar da shi, man linsid kuma sinadarai masu kaifin kanwa ke cinye shi. Wajen cire fumfuna hanyar kusan ɗaya ce, amma wajen sake shafawa sun sha bamban.

An ce mai yana hana ruwa shiga. To me ya kawo fumfuna?

Abin da ke hana ruwa shiga shi ne ke hana shi fita. Yawancin shimfiɗun nan fuska ɗaya ake shafa wa mai, ɗayar kuma auduga ce tsantsa. Raɓar dare da gumin jiki sukan shiga ta wannan fuskar, sai a naɗe da safe, fatar man ta rufe danshin a ciki. Ƙwayoyin irin fumfuna kuma kullum suna yawo a iska, babu gidan da babu su. Abu uku suke jira: danshi, abinci, da wurin da iska ba ta kaɗawa. Idan laimar iska ta haura kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ta daɗe a haka, sai su tsiro, kuma a kan jiƙaƙƙen kaya kwana ɗaya ko biyu ya ishe su farawa.

Abinci kuwa a wadace yake. Auduga abinci ce, kitsen nama da ɓurɓushin biskit abinci ne, laka da ciyawar fili ma haka. Shi kansa man linsid, musamman ɗanyensa da ke jinkirin bushewa, fumfuna tana son sa. Akwai wata baƙar fumfuna mai suna Aureobasidium pullulans da masu fentin katako suka san ta sarai, domin a kan shafen mai take yawan fitowa.

Tabo ne kawai take bari, ko da gaske tana cin yadin?

Tana ci. Abin da ido ke gani a sama kan fumfunar ne kawai, kamar yadda take a biredi: ka yanke wurin da ya yi kore, amma saiwoyinta sun riga sun ratsa ciki. Wasu nau'o'in suna fitar da sinadarin da ke narkar da zaren auduga su sha. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka a tsibiran Solomon sun ga tantunansu da kayan sawarsu suna ruɓewa cikin hanzari. Da aka kai samfurin ɗakin bincike sai aka ware wata fumfuna daga yadin, wadda daga baya aka raɗa wa suna Trichoderma reesei don girmama Elwyn Reese, masanin da ya yi aiki a kanta a cibiyar binciken soja da ke Natick a jihar Massachusetts. Ƙarfinta wajen narkar da auduga ya kai har yau masana'antu suna nomanta don samun wannan sinadari. Ba lallai ba ne ita ce a kan jakarka, amma 'yan uwanta irin su Chaetomium suna yin aiki iri ɗaya. Saboda haka kada ka ce bari sai bayan wata biyu idan za ka sake fita.

Na buɗe kayana na ga fumfuna. Me zan fara yi?

Fitar da shi waje, kada ka karkaɗe shi a ɗaki. Sa takunkumin fuska irin N95 da safar hannu. Wanda ke da asma ko garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, gara ya bar wa wani aikin gaba ɗaya, domin ƙurar wasu nau'o'in fumfunar da ake kira Aspergillus tana iya kama huhu.

Sannan ka shanya. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: da sun ga fumfuna sai su ɗauko ruwa da tsumma. Jiƙaƙƙiyar fumfuna idan aka goge ta shafewa take yi, ta nutse cikin saƙar yadin, ta bar tabon da ba zai fita ba. Ka buɗe kayan sarai, ka juya aljihuna da cikin jaka, ka rataye inda iska ke kaɗawa har ya bushe ƙayau. Fumfuna mai rai tana da laushi da ɗan yauƙi. Idan ta bushe sai ta koma gari.

Daga nan sai buroshi. Mai laushi a fuskar da ke da mai, mai ɗan tauri a fuskar auduga, tsohon buroshin haƙori kuma a layin ɗinki da ƙarƙashin maɗauri. Ka tsaya iska tana bayanka. Idan kana da na'urar zuƙe ƙura mai matatar HEPA, wato wadda ke tare ƙura mai laushi sosai, ka riƙe bakinta kusa da buroshin. Wannan busasshen aiki shi ke kawar da mafi yawan abin, kuma bai taɓa shafen man ba ko kaɗan.

Bayan na kaɗe, da me zan goge?

Abu biyu na amince da su, kuma kowanne sai an gwada shi a ɓoyayyen gefe tukuna, a jira ya bushe, a ga ko launi ya bi tsumma.

Na farko farin ruwan khal na girki, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari. Ka haɗa shi da ruwa daidai wa daida, ka tsoma tsumma ka matse sosai, ka goge wurin har ka ɗan zarce iyakar tabon. A fuskar auduga kana iya sa shi ba gauraye, ka bar shi kamar awa ɗaya. Bayan haka ka bi da wani tsumma mai ruwan sanyi zalla, ka sake shanyawa. Ruwan khal ba ya kashe kowace irin fumfuna, amma yana rage ta ƙwarai, kuma ba ya cin fatar man linsid.

Na biyu sifirit, kashi 7 da ruwa kashi 3. Masu kula da kayan gidajen tarihi suna amfani da irin wannan haɗi, kuma wanda aka surka da ruwa ya fi tsantsarsa aiki, domin tsantsar tana tashi kafin ta ratsa fumfunar. Amfaninsa shi ne saurin bushewa, bai barin yadi a jiƙe. Sai dai yana iya dusashe sheƙin fenti ko ya sassauta kaki, don haka dangwalawa ake yi, ba dirzawa ba, kuma nesa da wuta.

Kada ka haɗa ruwan khal da bakar hoda, wato sodar da ake sa wa biredi, a kwano ɗaya. Kumfar tana burge ido, amma kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa.

Bilic fa? Ai shi ne maganin fumfuna a banɗaki.

A kan tayil, ƙwarai. A kan tamfol, a'a. Bilic yana raunana zaren auduga da zaren ɗinki, yana kuma cin fatar man. Yana goge launin fumfunar har mutum ya ɗauka ta mutu, alhali ruwan da ya zo da shi ya ƙara jiƙa cikin yadin. Shimfiɗar da aka wanke da bilic takan yi kyau a ido, sai ranar da aka ja ta da ƙarfi ta yage a layin ninki. Wani abu kuma da ya shafi rai: bilic da ruwan khal idan suka haɗu suna fitar da iskar kulorin mai guba, bilic da amoniya su ma suna fitar da wata iska mai guba. Ko a jere, wannan bayan wancan, kada ka sa su a kan kaya ɗaya.

Zan iya sa shi a injin wanki?

A'a. Injin zai farfasa shafen, omo zai wanke man, ruwan zafi zai narkar da kaki ya sa auduga ta tsuke, sannan ka bar maiƙo a cikin injin. Na'urar busar da kaya ta fi haɗari, domin zafi da yadi mai mai ba sa zama tare. Idan laka ko kitse ya yi yawa, ɗan sabulu marar kaifi da ruwan sanyi a wurin kawai ya isa, a ɗauraye nan take. Duk abin da ke da kaifin kanwa, kamar sodar wanki ko amoniya, yana mayar da man linsid sabulu ya wanke shi daga yadin.

Tantin soja na auduga tsantsa, wanda ba a shafa masa komai ba, shi hukuncinsa daban ne, ana iya jiƙa shi a wanke da hannu.

Rana tana kashe ta? Firiza fa?

Rana tana taimakawa ta hanya biyu, tana busarwa, haskenta kuma yana kashe abin da ke sama. 'Yan awoyi a kowace fuska sun wadatar, kuma fuskar auduga ce ta fi buƙata. Baƙin tamfol yana ɗaukar zafi sosai, idan ya daɗe a rana mai ƙuna sai ya yi danƙo, na kaki kuma ya fara naso. Firiza ba ta kashe fumfuna, tsayar da ita kawai take yi. Amfaninta ɗaya: idan kayan ya jiƙe kuma babu halin shanya shi yau ko gobe, sa shi a leda a firiza zai hana abin yaɗuwa har ka samu sarari.

Na yi duk wannan, amma baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna nan.

Wataƙila za su zauna har abada. Launin da fumfuna ta zuba cikin zare ba ya nufin tana da rai. Ka zagaye tabon da alli, ka ajiye kayan a busasshen wuri, ka duba bayan mako biyu. Idan bai faɗaɗa ba, kuma babu sabon gari a kai, aiki ya yi. Ni a ganina tabo a kan shimfiɗar soja ba aibi ba ne. Sojan da ya yi tattaki zuwa fagen yaƙin Gettysburg a Amurka a 1863 bai ɗauki kaya mai ƙyalli ba. Abin takaici shi ne mutum ya kashe shafen da aka yi makonni ana jiran bushewarsa don neman farin da kayan bai taɓa buƙata ba.

Warin fa?

Iska ce maganinsa, kuma tana son haƙuri. Rataye a inuwa kwanaki. Cikin jaka kuma a sa gawayi ko bakar hoda a ƙulle cikin ƙyalle, kada garin ya taɓa shafen. Turare ba ya korar warin, rufe shi yake yi. Ka kuma bambance warin fumfuna da ƙamshin man linsid, wanda ba ya rabuwa da kayan. Idan warin laima ya dawo duk lokacin da aka yi ruwa, akwai sauran fumfuna a wani lungu, galibi cikin ninkin ɗinki.

Jakar guzurina ce ta kamu. Zan iya ci gaba da sa abinci a ciki?

Jakar guzurin sojan Arewa tana da wata 'yar jakar auduga a ciki da ake maƙalawa da maɓalli, an yi ta ne don a cire a wanke, domin naman alade mai gishiri da kofi da busasshen biskit duk a ciki ake zuba su. Ka cire ta ka wanke da ruwan zafi da sabulu, ko ka ɗinka sabuwa, yadin bai da tsada. Ta wajen kuma ka bi hanyar da aka bayyana a sama. Abinci kada ya taɓa fentin kai tsaye ko da babu fumfuna. A da, da sinadarin dalma ake dafa man linsid don ya yi saurin bushewa. Na yanzu galibi kobal ko manganis ake sa masa, su ma ba na ci ba ne. Idan ba ka san da me aka shafa jakarka ba, ka tambayi wanda ya yi ta, kuma ka riƙa naɗe guzuri a ƙyalle.

Maɗaurin fata da ƙarafunan jiki fa?

Fata ta fi yadi saurin kamuwa, musamman wadda aka cika wa mai. Goge ta da tsumma mai ɗan sifirit da ruwa, ta bushe a inuwa, sannan a shafa mata man fata kaɗan. Ruwan khal yana sa ƙarfe tsatsa, yana kuma sa tagulla ta yi kore, don haka idan ya taɓa su a share nan da nan. Koren da ke taruwa inda tagulla ta haɗu da fata ba fumfuna ba ce, tsatsar tagulla ce, da tsinke ake cire ta.

Sai na sake shafa mai bayan na gama?

Ka yayyafa ruwa ka gani. Idan ya dunƙule ya gangara, bar shi haka. Idan ya nutse yadin ya yi duhu, wurin yana son gyara. Amma kada ka shafa komai sai ka tabbata kayan ya bushe har ciki kuma fumfunar ta tsaya, in ba haka ba ka rufe ta da abinci a kanta. Na kaki ana ɗumama kakin a cikin ruwan zafi, a shafa da ƙyalle, a bi da iska mai ɗumi. Na linsid kuma dafaffen mai ake so, ba ɗanye ba, a gauraya da launin da ya dace, a shafa siriri sosai. Shafe mai kauri ba ya bushewa da kyau, sai ya yi wata da watanni yana danƙo yana kama ƙura.

A nan ina roƙon a saurara da kyau. Man linsid yana fitar da zafi yayin da yake bushewa. Idan tsumman da aka yi aiki da shi yana dunƙule, zafin ba ya samun hanyar fita, sai ya taru har tsumman ya kama da wuta da kansa, babu ashana babu tartsatsi. A ranar 23 ga Fabrairu 1991 gobara ta tashi a hawa na 22 na ginin One Meridian Plaza a birnin Philadelphia na Amurka, daga tarin tsummokaran da ke jiƙe da man linsid da masu aiki suka bari. 'Yan kwana-kwana uku suka rasa rayukansu, ginin kuma daga baya rushe shi aka yi. Saboda haka kowane tsumma a baje shi ɗaya-ɗaya a waje a kan siminti har ya sandare, ko a nutsar da shi cikin gwangwanin ƙarfe mai ruwa da murfi. Shi ma tamfol ɗin da aka shafa wa sabon mai a rataye shi a buɗe, a inuwa mai iska, nesa da ɗakin kwana, kuma kada a ninke shi sai ya daina kama yatsa gaba ɗaya. Wannan yakan ɗauki makonni, ya danganta da yanayi.

Yaushe zan haƙura da kayan?

Ka kama yadin da hannu biyu a wurin da ya fi kamuwa, ka ja. Idan ya yage cikin sauƙi, ko allura ta ƙi riƙe zare a wurin, ruɓa ta gama da shi. Ƙaramin wuri ana yanke shi a yi faci, sojojin da ma haka suke yi. Idan ruɓar ta bi duk layukan ninki, ka cire ƙarafuna da maɗauran da ke da sauran amfani, sauran ka ƙulle a leda ka yar, kada ya zauna kusa da kayanka masu lafiya.

Idan kayan na asali ne, ba kwaikwayo ba?

To duk abin da aka faɗa game da ruwan khal da sifirit da sabon mai bai shafe shi ba. Jakar da ta haura shekara 150 fentinta ya riga ya yi rauni, goga ɗaya na iya ɗauke lambar runduna ko sunan mai ita, kuma akwai yiwuwar dalma a jikinta. Ka ware ta a busasshen wuri, kada ka sa ta a rana, ka ɗauki hotonta, ka nemi ƙwararren mai adana kayan tarihi ta hannun gidan tarihi mafi kusa da kai.

Yaya zan ajiye kayan kada ta dawo?

Aikin yana farawa ne ranar da aka tashi daga fili. Ko da ka ga kamar kayan a bushe yake, da isarka gida ka warware komai a daren, ka zazzage jakar guzuri, ka kaɗe laka da ciyawa, ka rataye kwana biyu ko uku. Ɗinki da ninki sun fi tsakiyar yadi jinkirin bushewa, su za ka taɓa ka ji.

Wurin ajiya ya zama mai iska, laimarsa ƙasa da kashi 60 cikin ɗari. Ƙaramin ma'aunin laima bai da tsada, kuma ya fi hasashe. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa, garejin da ke tsattsafo, da bayan mota duk ba su dace ba. Rataya ta fi, idan babu wuri a naɗe sako-sako kamar tabarma maimakon ninkewa, domin a layin ninki shafe ke fara tsagewa. Kada kayan ya zauna a kan siminti ko ya jingina da bangon waje. Leda da akwatin roba mai rufewa ruf suna tsare ɗan danshin da ya rage, don haka buhun auduga ko tsohon zanen gado ya fi. Idan dole sai akwatin roba, a sa ƙunshin silika mai shan danshi a ciki, a riƙa busar da shi ko sauya shi. A watannin da ba a fita, ka riƙa buɗe kayan sau ɗaya a wata, ka shinshina, ka duba ƙarƙashin maɗauri da kusurwoyin jaka, nan take fara fitowa.